Turken da Ya Bi Doki Zuwa Kalgo

A shekarun da aka yanke Kabi daga Sakkwato na dawo Gwandu da zama, bayan na daɗe ina yawon fatauci. Na sayar da goro a Yamai, na yi zaman shago a Kumasi, na bi hanyar gabas har Abeshe da Omdurman, inda na zauna har bakina ya saba da Larabcin kasuwa. Da na dawo sai na sauka gidan mahaifinmu, wanda yayana yake riƙe da shi tun rasuwar tsohon. Aka ba ni ɗakin da ke jikin barga.

Watannin farko ban cika sanin inda nake ba idan na farka daga barcin rana. Zafin bazara yakan kwantar da garin duka bayan azahar, ko kaza ba ta motsi. Ina kwance a tabarma, ido rabi a buɗe, sai in ji kofato ya daki ƙasa, a yi shiru, can kuma wutsiya ta kaɗe ƙuda. Sai in ce a raina Abeshe ce, ayarin da zan bi ya kusa tashi, ya kamata in ɗaure kayana. Har in fara neman takalmi da ƙafa. Sai ƙanshin harawa da hayaƙin da ake yi wa doki saboda ƙuda su shigo ta taga, in tuna gida nake, kuma abin da ke motsi a bayan bango dokin yayana ne.

Bidi ne, gashinsa kamar an yayyafa toka a kan garwashi. Tun yana ɗan dukushi yayana ya saye shi, shi ya hore shi da hannunsa. A kansa yake zuwa gona, a kansa yake zuwa gaisuwar mutuwa da suna a ƙauyuka, ranar Juma'a kuma ya ɗaure shi gindin bishiyar bedi ya shiga masallaci. To amma kafin in dawo ciwon ƙugu ya kama yayana. Da sanda yake tafiya, ɗaga ƙafa zuwa likkafa kuwa ya gagare shi. 'Ya'yansa maza suna aiki a Sakkwato da Kaduna, idan sun zo gida da mota suke zuwa, su leƙa barga su ce wa dokin sannu daga nesa. Ni ma ban da amfani a nan, don na fi sanin bayan raƙumi da kujerar mota.

Doki kuwa ba ya ajiyuwa kamar tukunya. Da ya daɗe a tsaye ba a hawa, ƙafafunsa na baya suka fara kumbura, ya fara cizon igiya, wani lokaci ya tsaya yana kaɗa kai hagu da dama kamar mai jin wani kiɗa da mu ba ma ji. Kowa a gidan ya san dole a rabu da shi idan ana so ya rayu da lafiya. Yayana ya fi kowa sani.

Na ga cinikin doki a wurare da yawa. A Omdurman mai saye yakan buɗe bakin doki ya duba haƙora, ya hau ya yi sukuwa zuwa ƙarshen fili ya dawo, ya tafa hannun mai shi, kafin shayinsu ya huce an gama. A Abeshe na ga ana rufe hannuwa da gefen rawani ana ciniki da yatsu don kada na gefe ya ji. A wajenmu akwai gefen da ake ɗaure dawaki a kasuwa, amma na fatake ne. Dokin gida ba ya zuwa can, kuma mai shi ba ya buɗe baki ya ce zai sayar. Dillali ne zai zo ya sha fura, ya yi hirar damina da ciwon ƙafa, ya fita yana gaya wa waɗanda suka dace cewa akwai wani bidi da ke son ya canza ruwan sha. Mai so ya zo kamar gaisuwa ce ta kawo shi. Idan an daidaita, sai ya tafi da dokin gidansa a yi kwanan gwaji. In doki ya ci harawar gidan ya kuma kwanta, ciniki ya faɗa. In ya ƙi, a maido shi, ba wanda zai ji haushi. Cewa ake yi bai karɓi gidan ba.

Dillalinmu taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu, saboda haka babu abin da ba ya faɗa mana. Gajere ne, hularsa kullum a karkace, kuma duk da cewa ya yi rayuwarsa cikin dawaki, a kan wani tsohon keke yake yawo.

“Tsoho,” in ji shi ranar da ya fara zuwa kan maganar, “dokin ga ya gaji da kallon huskarka. Ko ni na gaji, balle shi da ba shi da inda za shi.”

“Wa ya kira ka?” in ji yayana. “Dillalin doki bisa keke. Ko kaza ba ta yarda ka yi mata dillanci.”

“Keke ba ya cin harawa. Kuma in na tsufa ba sai na nema mashi miji ba.”

Matar yayana ta aiko da fura. Suka sha, suka yi maganar wani da ya rasu a Masama da tsadar taki. Ba wanda ya sake ambatar doki. Da taubashin zai tafi ya tsaya a bakin barga ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya hau kekensa.

Wani manomi daga Masama ya fara tafiya da shi. Ba a daɗe ba ya maido shi, ya ce ko tsinke bai ɗauka ba. Bayansa wani malami daga Ceberu, mutumin kirki mai barga mai tsabta, shi ma haka. Duk lokacin da aka maido shi yayana yakan fito ƙofar gida dogare da sanda, ya haɗa fuska ya ce, “Allah bai yi ba, Malam. Ka yi haƙuri da wahala.” Amma ranar yakan cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, matarsa tana kallona tana danne dariya. Shi kuwa dokin da an sake shi a tsakar gida sai ya wuce kai tsaye wurin turkensa, ya sunkuya ya shinshina, ya lashi kan turken ya sake lasa, sa'an nan ya juya kan harawa kamar ba shi ne ya yi kwanaki da yunwa ba.

Turken na ƙirya ne, tsawonsa a sama bai wuce gwiwa ba. Kansa ya yi sumul yana ƙyalli saboda harshen dawaki, a gindinsa kuma igiya ta ci wani zobe mai zurfi ta gefe ɗaya. Mahaifinmu ne ya kafa shi. Dawakin da aka ɗaure a jikinsa tun muna yara ba zan iya jera su ba, wasu launinsu kawai nake tunawa, wani kili fari da ya taɓa yar da ni cikin kwata, wani akawal baƙi da ba a barin mu kusa da shi. A al'adar unguwarmu idan doki ya mutu ko an sayar, ba a taɓa turke. Turke a tsaye babu doki yana nufin gidan yana jiran wani. Ba a tuge shi sai gida ya gama da dawaki ke nan har abada. A lokacin gidaje da dama a unguwar sun riga sun tuge nasu, an mai da bargar ɗakin ajiye babur ko injin niƙa, kuma duk wanda ya wuce ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba.

Ranar da malamin Ceberu ya maido dokin, taubashin yana nan. Ya kalli yadda yake lasar turken, ya kalli yayana.

“Kada kanka shi yi girma, tsoho. Ba kai shika so ba. Iccen ga shika so.”

Na zaci yayana zai rama. Sai ya juya ya shiga ɗaki. Taubashin ma kamar ya ji maganar ta fi ƙarfin wasa, ya gyara hularsa ya fita ba sallama.

Na ukun wani Bafillace ne daga wata ruga kusa da Dangoma, a ƙasar Kalgo. Magidanci ne, yana da shanu, yana da gonar shinkafa a fadama, kuma ya ce da ruwa ya sauka ba babur ɗin da ke shiga wajensu, doki yake nema wanda zai hau kullum. Bai buɗe bakin bidin ba. Ya tsaya a gefensa kawai, hannuwa a kan sandar da ya gicciya a wuya, har dokin ya miƙo hanci ya shinshina rigarsa. Na yi masa magana da Fulatanci, ya yi murmushi ya ce nawa irin na mutanen gabas ne, yana jin sa kamar ta bayan bango. Yayana ya yi ta kallonsa. Na lura mutumin ya kwanta masa a rai, kuma na lura hakan bai yi masa daɗi ba.

Da sassafe Bafillacen ya ɗaura wa bidin sirdinsa ya tafi da shi, a hankali, da niyyar ya kwana a hanya don Kalgo ba nan kusa ba ce ga mai tafiya da ƙafar doki. Muka koma jiran abin da muka saba. Yayana ya ci gaba da share barga kowace safiya.

Wannan karon taubashin ne ya dawo, shi kaɗai, daga cin kasuwar Kalgo. Ya zauna a zaure bai tsokani kowa ba.

“Ruwa kaɗai shika sha,” in ji shi. “Cikinai ya shige. Mutumin ya ba shi dusa da kanwa, ya yanko mashi ɗanyar ciyawa daga fadama, ya ƙi. Kunya ta hana shi zuwa da kainai.”

“To shi maido shi mana,” in ji yayana.

“Da wace ƙahwa? Cikin zahin ga, ba komi a ciki? Kahin su kai rabin hanya ya faɗi. In kuwa an ce a sa shi mota, dokin da bai taɓa shiga mota ba, karyewa za shi yi.”

“Mi mutumin ya ce a yi?”

“Bai ce komi ba. Ba irin masu roƙo ba ne.”

Da la'asar matar yayana ta same ni a bakin rijiya. Tun ina saurayi take kirana mijinta ƙarami. “Kai da ka ga duniya,” in ji ta, “ka shiga ka gaya mashi mana. Ko duk yawon naka na cin abincin mutane ne?” Na ce to. Na je har ƙofar ɗakinsa na tsaya. Ina jin harsuna biyar ko shida, na yi ciniki da su, na yi faɗa da su, na nemi gafara da su, amma ban sami wanda ƙane zai gaya wa wansa da shi cewa ba za a sake kawo doki gidan ubansu ba. Na koma ɗakina.

Washegari bayan asuba na ji sara a bayan bango, a hankali, ana yi ana hutawa. Na fita na tarar da yayana zaune dirshan a ƙasa, tunda sunkuyo ya gagare shi, ƙafafu a miƙe gefe da gefen turken, yana haƙa da dagi. Ya ajiye buta kusa yana zuba ruwa don ƙasar ta yi laushi. Na miƙa hannu zan karɓa.

“Bari,” ya ce.

Na tsuguna ina kwashe masa ƙasar da hannu. Rana ta fito ta same mu a haka. Ƙasar wajen daban take da ta sauran gidan, baƙa ce, a danƙare, tana da wani wari mai ƙarfi wanda ya mai da ni shekarun da nake tsaye a nan da ɗan tofi ina riƙe wa mahaifinmu ƙwaryar ƙasarin da ake shayar da doki. Muka yi ta haƙa turken bai ko girgiza ba. Ashe abin da ke cikin ƙasa ya fi na sama tsawo nesa ba kusa ba.

“Baba ya zurfafa shi,” in ji yayana yana haki. “Ni na riƙe mashi ranar. Shina dandaƙa ƙasa da taɓarya, shina ce mani in na bari ya karkace sai na sha kashi.” Ya yi 'yar dariya. “Kai lokacin kana goye.”

Da turken ya fara motsi yayana ya bar mini na rungume shi na ja. Ya fito da wani sauti kamar an zare ƙafa daga laka. Yayana ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya sa aka kawo buhu aka naɗe.

“Kai za ka kai shi, kai ka saba da hanya. In za ku kahwa shi, gehen da igiya ta ci shi dubi gabas. Haka ya saba.”

Na shiga a-kori-kura zuwa Birnin Kabi, daga can na canza wata mai zuwa Kalgo. Na ƙi yarda a ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa, na tsayar da shi tsakanin gwiwoyina. Wata mata mai tallar man shanu ta leƙa bakin buhun.

“Alhaji, iccen girki ya ƙare a Kalgo ne?”

“Amarya za shi kai ma,” in ji wani daga baya. “Shi gwada mata shi mai ƙarhi ne.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wani dattijo da ke kusa da ni bai yi ba. Ya sa hannu ya taɓa kan turken, ya bi zoben igiyar da yatsa.

“Dokin ya mutu?”

“Yana nan da rai.”

“Mai shi hwa?”

“Shi ma yana nan.”

Ya janye hannunsa. “Allah shi ba shi haƙuri,” ya ce, ya mai da fuskarsa waje.

Daga nan motar ta yi tsit, ko kuwa ni ne na daina ji. Hadari yana taruwa ta gabas, fari a sama, shuɗi a ƙasa, bai yi niyyar zuba ba tukuna. Gonaki an share su an tara kara ana jira. Can nesa giginyu suna tsaye cikin zafin da ke rawa a kan ƙasa, gindinsu ba ya taɓa komai, kamar a kan ruwa suke. Warin turken yana tasowa daga buhu. Na rufe ido sai na ga kilin nan da ya yar da ni yana tafiya a gefen mota, ba kowa a kansa, bayansa akawal, bayansu wasu da ban san na riƙe su a kaina ba, duk suna bin mu a jere ba sa sauri kuma ba mu wuce su. Na ɗauki kaya iri-iri a hanyoyi masu nisa, har da gawar abokin tafiya sau ɗaya. Ban taɓa riƙe kaya da hannu biyu tun daga tashi har sauka ba sai ran nan.

Taubashin ya riga ya aika, saboda haka na tarar da Bafillacen a tashar Kalgo da jaki. Da ya ga buhun ya gane abin da ke ciki, ya sunkuyar da kai. Ya ce mini da Fulatanci shi bai roƙi wannan ba, kuma bai san da wace fuska zai sake kallon Baffa, wato yayana, ba. Na ce masa ba wanda ya ce ya roƙa. Muka ɗora wa jaki muka bi ta cikin gonaki har rugar.

Bidin yana ɗaure gindin wata aduwa, a wani sabon turke fari da aka fere kwanan nan. Da ƙyar na gane shi. Haƙarƙarinsa duk a waje, kansa a rataye, ƙuda sun taru a idonsa bai ko kaɗa su. Ga harawa a gabansa, ga dusa a akushi ta bushe.

Muka tuge sabon, muka faɗaɗa ramin. Ƙasar can rairayi ce, ba ta ba mu wahala ba. Na juya zoben igiyar ya dubi gabas, shi kuma ya karɓo taɓarya wajen matarsa ya dandaƙa ƙasar har ta kama. Ya ɗaure ƙafar dokin, muka ja da baya muka zauna a inuwar bukka. Aka kawo mini nono a ƙwarya na riƙe ban sha ba.

Dokin ya daɗe bai kula ba. Har na fara tunanin abin da zan je in faɗa a gida. Iska ta taso daga wajen fadama mai sanyi-sanyi, ta kaɗa ganyen aduwa. Sai ya motsa kunne. Ya sauke kai a hankali har hancinsa ya kai kan turken, ya tsaya a haka, yana ja yana hurawa, ƙasa tana tashi kaɗan-kaɗan a gindin. Ya fara lasa. Matan da ke daka a bayan bukka suka tsaya. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, inuwar dai ta matsa daga ƙafafuna. Daga baya ya juya ya zari sili ɗaya na harawa, ya riƙe a baki kamar ya manta yadda ake yi, sa'an nan ya tauna. Bafillacen ya ce mini in sha nonona kada ya yi zafi.

A can na kwana. Da safe na je dubawa na tarar yana tsaye yana ci, rairayi manne a gefen cikinsa.

Na iso Gwandu da yamma. Yayana yana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin barga, ramin yana nan a buɗe yadda muka bar shi.

“Ya ci?”

“Ya ci.”

“Ya kwanta?”

“Na ga ƙasa a jikinsa da safe.”

“Wane gehe?”

“Hagu.”

“Haka shika yi.” Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ramin. Sai ya ɗaga murya ya kira matarsa, ya ce harawar da ta rage a kan rumfa ta sa a sauke wa tumakinta kafin ruwa ya lalata ta. Ta ce to daga cikin ɗaki, ba ta fito ba.

“Kai kuma ɗauko kwando,” ya ce da ni. “Ruwan ga na iya sauka yau. In ya cika ramin wani na iya karya ƙahwa.”

Na ɗebo ƙasa daga bayan gida ina zubawa, shi kuma yana zaune yana dannawa da gindin sandarsa. Ƙasar da na kawo ja ce, ta fita daban a tsakiyar baƙar.

“Ƙara nan,” ya ce. “Bai cika ba.”